Ƙodar Inna a Cikin Kula

Aikina riƙon sanyi ne. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar allurar rigakafi daga likitar Tajaye, wato asibitinmu, zuwa ƙauyuka, kula, akwatin riƙe sanyi, ɗaure a bayan babur. Abu biyu aikin ya koya mini: in duba kwanan wata a jikin duk abin da aka miƙo mini, in kuma san halin ƙanƙara, da lokacin da take taimako da lokacin da take ɓarna. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ƙodar uwata ce za ta kwanta cikin kula ba.

Mu uku muka sauka Indiya. Ni Rabi, da Yaya Sa'idu da ke koyarwa a makarantar lakwal ta Malbaza kafin ƙodojinsa su daina aiki, da Inna wadda za ta ba shi ɗaya daga cikin nata. Ni na so in bayar, jinina bai dace da nasa ba. Shekara biyu ya yi yana wankin ƙoda a Yamai, ya rame ya koma kamar karan dawa, hannayensa duk tabon huji. Likitoci suka ce dashe kaɗai ya rage. Aka sayar da garkar albasarmu ta Badaguishiri, muka kama hanya.

Wanda ya tarbe mu a filin jirgi Alhaji Nomau ne, mutumin Konni da ya daɗe a can yana yi wa marasa lafiya tafinta. Farin yadi, turare har yana hawa kai, tasbaha a hannu. Da ya buɗe baki ya gaida Inna da Hausar gida, sai na ga kafaɗunta sun sauka, don tun da muka hau jirgi ba ta ji maganar da ta gane ba. Ya karɓi fasfunanmu ya ce zai adana mana, a nan ɓarayi sun yi yawa. Na miƙa masa da hannu biyu har ina godiya, kuma har yau in na tuna godiyar nan sai bakina ya yi ɗaci.

Masaukin da ya kai mu wani dogon bene ne cike da majinyata daga ƙasashen baƙar fata, kowa da tafintansa kamar yadda kowane mai kawo dabba kasuwa yake da dillalinsa. Ƙarƙashin tagarmu kwata ce buɗe. Warinta na haɗuwa da na yajin da ake soyawa a ƙasa, ya hau bene ya zauna cikin tufafinmu. Katifar da aka ba Yaya akwai taswirar jinin wani a kanta, na juya ta na tarar ɗaya gefen ya fi muni. Inna ta kasa cin abincinsu. Garin gero da ta ƙullo a zane shi ya riƙe ta, kullum in dama mata da ruwan gora, tana sha tana tambayata ko an yi ruwa a gida.

Babban asibitin da muka zo dominsa kuwa ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Mako biyu ana gwaje-gwaje, aka ce ƙodar Inna lafiya lau, ta kuma dace da jikin Yaya. Wani matashin likita da ya ji aikina ya ja ni ya nuna mini abin da suke yi. Da waya muke magana, in faɗa mata Faransanci ta juya masa, ya faɗa ta juyo mini. Ya nuna mini ledojin wani ruwa cikin firji, ya ce da shi ake wanke ƙoda da zarar an ciro ta, a cikinsa kuma take kwana cikin sanyi. Ya nuna mini wani akwati mai tura ruwan cikin jijiyoyinta idan za ta yi tafiya mai nisa. Ya ce a benen sama akwai mutanen da ba su da wani aiki sai neman yadda ruwan zai ƙara kyau, don ƙoda ta daɗe a waje ba ta lalace ba. Amma ta Inna ba ta da wannan damuwa, ɗaki biyu ne jere, ko awa ɗaya ba za ta yi a waje ba. Na koma masauki ranar ina jin kamar an gama.

Abin da ya rage kwamiti ne. Dokarsu ta ce sai wasu mutane sun zauna sun tabbatar mai bayarwa ba sayarwa yake ba, ba kuma tilasta shi aka yi ba. Dokar ta yi kyau, ban taɓa zagin ta ba. Alhaji Nomau ya ce wa Inna kada ta damu, gaisuwa ce kawai, ta amsa yadda za ta amsa a gida.

To, Yaya Sa'idu ɗan fari ne. Tun yaye Kaka ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. Wancan take ce masa, ko ɗan Kaka, da ya samu aiki kuma sunansa a bakinta ya koma mutanen Malbaza. In ya zo gida ya durƙusa gaida ta, bango take kallo ta amsa. Kowa a garinmu ya san wannan kunya ce, kuma kowa ya san wadda ta sayar da tumakinta a ɓoye lokacin da zai tafi makarantar malamai.

Suka zaunar da ita gaban mutum biyar, huɗu maza, da na'urar ɗaukar hoto a kan ƙarfe tana kallonta. Yaya na gefe a kujera. Ni aka bar ni a baya da sharaɗin kada in yi magana. Babbansu ya nuna Yaya ya ce ta faɗi sunan wannan mutum. Inna ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, shiru. Aka ce to, tana son sa? Ita ta zaɓi ta ba shi ƙodarta?

"Ni ba ruwana da shi," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan Kaka na. An ce in zo, na zo."

Alhaji Nomau ya juya musu maganar cikin numfashi ɗaya, bai ƙara komai ba. Turancina na bakin iyaka ne, na sayen kaya a kasuwa, amma na ga fuskokinsu sun canza. Na ɗaga hannu, wata ta yi mini alama in sauke. Kwana biyu bayan haka takarda ta fito, waya ta karanta mini: mai bayarwa ba ta nuna yarda ba, ta ce mara lafiyar ba kowanta ba ne, akwai alamar tilas. Ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai an jira.

Na tare Alhaji Nomau a matakala na ce shi da ya sha nonon Konni bai san kunyar ɗan fari ba? Kalma biyu ta ishe shi ya yi musu bayani. Ya ja tasbaharsa ya ce shi rantsuwa ya yi, abin da aka faɗa shi yake juyawa, ba a ƙari. Sannan ya sassauta murya ya ce kada in tayar da hankalina, akwai wani asibiti a wani gari, mutanensa ne, can ba a wannan dogon Turanci.

Na san bai kamata ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na san abin da ake nufi in an ce wuri ba ya tambaya. Amma jijiyar da ake yi wa Yaya wanki da ita ta toshe a makon, aka huda masa wuya, zazzaɓi ya kama shi, bizarmu kuma na ƙarewa. Yaya ya ce duk abin da na yanke. Inna ban gaya mata dalilin ƙin ba, na ce mata asibitin ne ya cika. Da hannuna na sa hannu, kuma cikin duk abin da na yi ƙyama a tafiyar nan, wannan sa hannun yana sahun gaba.

Awa shida muka yi a mota. Asibitin hawa biyu ne a saman wasu shaguna, ƙasa mai sayar da kayan sanyi da mai gyaran babura. Ɗakin tiyata ɗaya ne. A jikin bangon matakala jan yawun masu tauna ganye ya bushe layi-layi. Mai wurin wani mai tumbi ne da zobba a yatsu huɗu, bai kalli fuskar Inna ba ko sau ɗaya, cikinta kawai ya kalla. Mutum ɗaya ce a ginin ta gaishe mu kamar mutane, wata tsohuwar nas mai furfura da ake kira Sista Mariyamma. Ita ta kawo wa Inna ruwan zafi ta yi alwala, ta kuma nuna mana gabas da yatsa ba tare da mun tambaya ba.

Ranar aikin, ƙarfe takwas na safe aka shiga da Inna. Tsarin shi ne likita ɗaya ya ciro, wani babban likita da zai zo daga birni ya dasa. Kafin goma aka fito da ita tana barci. Aka ce Yaya ya shirya. Sha ɗaya ta yi, ba a kira shi ba. Sai na ga an shiga da wata mata daban ɗakin tiyatar, aka kuma fito da wata shuɗiyar kula aka ajiye a lungun baranda kusa da bokitin shara. Irin kular da ake sayar da lemo a tasha ce, har da tsagewa a murfi an liƙe da salatif. Na tsaya ina kallonta, zuciyata na gaya mini abin da ke ciki ina ƙaryata ta.

Sista Mariyamma ta ja ni bayan labule ta karɓi wayata. Ta ce babban likitan bai taso ba, yana wani aiki a birni, sai bayan la'asar. Mai asibitin ya sani tun safe, amma wanda ke cirowa na safe kaɗai aka ɗauko shi, don haka ya ce a ciro. Ta ce abin bai tsaya nan ba. Da ruwan leda na ƙarin ruwa aka wanke ƙodar, don ana ganin ba za ta daɗe ba, ruwan adanawa kuma mai wurin ba ya saye. Ta ce ƙoda ko ta bar jiki da ranta. Sanyi na sa ta barci, amma barcin na cinta a hankali, kuma wannan ruwan na banza shiga namanta yake ya kumbura ta. Na gaskiyar an haɗa shi da abin da ke hana kumburi, da ɗan abin da za ta riƙe rai da shi. In aka bar ta haka har yamma, ita ba ta san abin da za a dasa wa ɗan'uwana ba.

Ta riga ta kira wata tsohuwar abokiyar aikinta a wani asibiti can ƙarshen gari, matar ta yarda ta ba da leda biyu na ruwan adanawa. Ita ba ta da ikon barin Inna, kuma ba ta yarda da kowa a ginin ba. Ta ce ruwan sai ya zo da sanyinsa, ko na iya? Na ce mata wannan kaɗai na iya a duniya.

Na shirya ƙaramar kula da kaina yadda nake yi a Tajaye, na rungume ta a cinya cikin keke mai ƙafa uku. Ba na tuna garin sai hayaƙi da ƙaho da shanu kwance tsakiyar titi ba mai kora. Direban na tofa jan yawu ta gefe, iska na dawo da shi kan mayafina. Na lulluɓe kular da mayafin duk da haka, don rana ta fi yawun illa. Matar na jirana a ƙofar baya. Ta miƙo ledojin, na juya su na duba kwanan wata kafin in ce mata na gode, ta yi dariya ta dafa kaina. Zuwa da dawowa awa biyu da rabi.

Da na hau matakala na tarar da Alhaji Nomau tsugune gaban shuɗiyar kular, murfi a buɗe. Ya ga ƙanƙarar ciki ta fara narkewa, shi ne ya sauka shagon ƙasa ya sayo wadda aka ciro daga can ƙasan injin daskarewa, tana hayaƙi, tana manne wa yatsa. Ya zubar da ta farko, yana shirin dankara wannan a kan ledar. A lokacin na ga abin da idona. Leda cikin leda, ruwa ya yi ja-ja, a tsakiya wata 'yar tsoka da ba ta kai tafin hannuna ba, ta yi fari-fari kamar naman da ya kwana cikin ruwa. Ƙuda ɗaya na yawo a bakin kular. Amai ya taso mini har maƙogwaro na haɗiye.

Na buge hannunsa, ƙanƙarar ta watse a ƙasa.

"Ke Rabi, taimako nika yi," ya ce. "Sanyi anka ce ana so."

"Wagga ƙona ta zata yi, Alhaji. Ƙanƙara sai ta yi zuhwa aka sa ta kusa da abu mai rai. Ko allurar jarirai ba mu yi mata haka. Ɗauke hannunka ga uwata."

Ya miƙe yana kaɗe farin yadinsa, ya ce mutanen ƙauye ba su san alheri ba. Na farfasa ƙanƙarar na zuba mata ruwa har ta daina hayaƙi ta fara gumi, Sista ta zo muka gyara kular tare. Da aka fito da matar da ke ciki, Sista ta tsaya kan wani ƙaramin likita har ya shiga da ƙodar ya sake wanke ta da ruwan da na kawo. Daga nan na zauna a ƙasa na jingina da kular, ban bar kowa ya matso ba. Babban likitan ya iso wajen ƙarfe biyar yana waya yana dariya, ya wuce ni kamar buhu. Awa tara ƙodar Inna ta yi a waje.

Aka dasa, ba ta tashi ba. Ledar fitsarin da aka rataya a gefen gadon Yaya ta kwana ta wuni a bushe. Sista ta ce ƙodar da ta sha wuya haka takan yi, wata ta farka bayan kwanaki, wata ba ta farkawa. Aka koma yi masa wanki ta wuya. Alhaji Nomau ya kashe wayarsa. Sista ce ta ciro mana fasfunanmu daga durowar mai asibitin, ta haɗo da fayil ɗin Yaya. Na buɗe, idona ya tafi inda ya saba zuwa. An buɗe fayil ɗin, an kama mana gado, kwana biyu kafin kwamitin can ya zauna. Wato tun kafin Inna ta buɗe baki Alhaji Nomau ya san abin da za ta faɗa, ya kuma san shi ba zai gyara ba. Da kunyarta ya yi ciniki. Na shiga makewayi na yi aman da na haɗiye ranar aiki.

Inna na ɗakin da ke kusa, ɗinki a kwiɓinta. Ba ta taɓa tambayar jikinsa ba. Sai dai ta ce mutanen wancan ɗaki sun ci abinci? Ko ta ce ta ji ana tari, in je in rufe musu taga. A rana ta tara ta dube ni ta ce fuskata ba ta gaskiya ba ce, in faɗa mata. Na gaji da ɓoyo, na faɗa mata duka, da kular, da awa tara, da dalilin da ya sa babban asibitin ya ƙi mu. Na yi nadamar na ƙarshen tun kafin in rufe baki. Ta juya ta kalli bango.

Washegari da hantsi ta ce in kama ta. Muka taka a hankali tana dafa bango har ɗakin Yaya. Ya yunƙura zai tashi ya gaida ta, ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ta zauna bakin gadon, ta ɗora tafin hannunta a ƙasan cikinsa ta dama, daidai inda aka ɗinke, ta sunkuya.

"Ke," ta ce. "Tashi hakanan. Shekara hamsin da biyar kina yi min aiki, ban taɓa roƙonki komi ba. Nan ba gidan baƙo na ba. Sa'idu na. Kin san shi, kusa da ke yak kwanta wata tara."

Yaya ya ja zanen gado ya rufe fuskarsa, na ga kafaɗunsa na rawa. Shekararsa talatin da takwas, ranar ya fara jin sunansa a bakinta.

Ba zan ce maganar ce ta tayar da ƙodar ba, Sista ta ce lokacinta ne ya yi. Kwana biyu bayan nan na shigo na ga ɗan ruwa a gindin ledar, bai fi cokali uku ba, duhu-duhu. Da yamma ya kai rabin kofi. Na juye a kofin awo na ɗaga shi ga hasken taga ina kallo. Wata biyu ina ƙyamar duk abin da na gani a ƙasar nan, sai ga shi fitsari ne abu na farko da na kalla da murna.

Likitan da ke duba Yaya a Yamai ya ce ƙodar na aiki, amma awannin nan sun bar mata tabo, ba za ta kai shekarun da ya kamata ta kai ba. Ya koma aji a Malbaza da buhun magunguna. Alhaji Nomau na ji yana nan yana tarbar mutane da Hausar gida, ni kuma duk wanda na ji zai tafi sai na same shi har gida na ba shi labari. Kullum na shirya kula da safe, in na taɓa ƙanƙara sai na tuna baranda da bokitin shara.

Inna ta koma yadda take. Ran sallar da ta wuce Yaya ya zo ya durƙusa, ta kalli bango ta amsa, da ya fita ta ce in bi mutanen Malbaza da ƙullin kuka. Na ce mata Inna, wace kunya ta rage kuma, ni da kunnena na ji kin kama sunansa a Indiya. Ta ci gaba da tsince wakenta, ko kai ba ta ɗago ba.

"Ni ban kiri sunan kowa ba," ta ce. "Da kayana nika magana."